RA'AYINMU: A GYARA ITATUWAN BIRNI TUN KAFIN DAMINA

Duk wanda ya san birnin Kano ya san cewa itatuwan darbejiya da madaci da ke jere a bakin titunan Nassarawa da Bompai da sauran unguwanni dukiya ce ta jama'a baki ɗaya. A watan Afrilu, sa'ad da zafi kan kai digiri 40 a ma'auni, a ƙarƙashinsu ne mai faci da mai shayi da ɗalibi mai jiran mota suke samun sa'ida. Ita darbejiya baƙuwa ce daga ƙasar Indiya, an kuma fara dasa ta a lardin Borno a 1928, amma yau ta zama 'yar gida saboda jurewar fari da yalwar inuwarta.

To, amma abin takaici shi ne yadda hukumomin da alhakin kula da waɗannan itatuwa ya rataya a wuyansu suke jan ƙafa. Mutanen unguwa sukan ga reshe ya bushe ya sunkuyo bisa wayar lantarki ko rufin makaranta, su kai kuka ga mai unguwa, a rubuta takarda zuwa sakatariya. Daga nan sai fayil ya shiga yawo daga wannan tebur zuwa wancan. Sashen aikin gona ya ce aikin sashen ayyuka ne, sashen ayyuka ya ce titin na gwamnatin jiha ne, ana cikin haka har hadarin farko ya taso.

Alhali kuwa itace ba ya faɗuwa sai ya nuna alama. Gara takan cinye cikinsa ta bar kogo. Kauci yakan kama rassa ya tsotse su har su mutu. Masu haƙa lambatu sukan datse saiwoyinsa, masu neman magani su sassaƙe ɓawon madaci zagaye, wasu kuma su tara shara a gindinsa su cinna wuta. Malamin daji da ya san aikinsa zai gane duk wannan da kallo ɗaya. Idan iskar farkon damina ta zo a watan Mayu ko Yuni ta tarar da itace a wannan hali, sai a wayi gari hanya ta toshe, turakun lantarki a ƙasa, wani lokaci ma har da hasarar rai.

Ba wanda zai ce doka ba ta faɗi mai aikin ba. Tun bayan gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976, su ne suka gaji En'e, kuma jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora musu kula da tituna da magudanan ruwa da lambuna da filayen shaƙatawa. Sai dai birnin da En'e guda take riƙe da shi a da, yau ya rabu tsakanin ƙananan hukumomi 8, ga kuma hukumomin jiha masu kula da tsara birni da muhalli. Idan ba a fayyace wa kowa iyakarsa ba, kowa sai ya zura wa ɗan'uwansa ido.

Babbar illar wannan jinkiri ita ce, idan mutane suka gaji da jira sai su kira masu saran itace, su kuwa ribarsu tana ga yawan abin da suka sare. Itacen da rage masa rassa biyu ya isa, sai a kayar da shi daga tushe, inuwar shekara 40 ta tafi a yini guda. Ina amfanin bikin dashen itatuwa kowace damina, da shigar Nijeriya cikin shirin katangar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, idan manyan da muka gada suna lalacewa a ƙofar ofisoshinmu?

Saboda haka muna kira ga gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi su zauna su raba titunan birni a rubuce, kowane titi da hukumar da za a tuhuma. A ƙidaya manyan itatuwa, a sa musu lamba, malaman daji su riƙa zagaya su da kaka. A ware kuɗin datsar rassa cikin kasafin shekara, a kuma kammala aikin kafin ƙarshen watan Maris, tare da ma'aikatan lantarki inda waya ta ratsa. Kukan da mai unguwa ya kawo a sa masa wa'adin amsa. Wanda kuma ya sare itace ba da izini ba, a hukunta shi, a sa shi ya dasa wani ya rene shi.

Ga ma'aikacin da irin wannan takarda take gabansa yanzu, muna tuna masa cewa rigakafi ya fi magani, kuma damina ba ta jiran sa hannun kowa.