Wanda ya ba ka makulli bai koya maka babur ba

1/
Zan faɗi maganar da za ta ɓata wa wasu rai. Yawancinmu a Makarfi, Ikara da Kudan ba a koya mana babur ba. An nuna mana giya, an nuna mana totur, an riƙe mana kariya na minti biyar a filin firamare, aka ce "ka iya". Washegari sai ga yaro a kan kwalta da goyo biyu.

2/
Kuma har da karin maganarmu: wai sai ka faɗi kafin ka ƙware. Haba jama'a! Faɗuwa a filin ƙwallo da giya ɗaya daban, faɗuwa a Tashar Yari gaban tirela daban. Ta biyun ba a tashi a kaɗe riga.

3/
Babbar ƙaryar da ake gada daga yaya zuwa ƙane ita ce "kar ka taɓa birkin gaba, zai wurga ka". Idan ka ja birki, nauyinka da na babur gaba yake komawa, don haka tayar gaba ce ke yin mafi yawan aikin tsayawa, wajen kashi 70 cikin 100. Ka taka na baya kaɗai da ƙarfi, taya ta ɗaure, babur ya ja ka a ƙasa.

4/
Abin da ke wurga mutum shi ne fizga. Matsawa ake yi a hankali, sannan a ƙara, tare da na ƙafa, babur yana miƙe. A kan yashi ko tsakuwa, ko cikin kwana, sai ka sassauta hannu sosai. Wannan a fili ake koyon sa, sau talatin, sau hamsin, har hannu ya haddace. Wa ya taɓa sa ka ka yi haka?

5/
Lissafi kaɗan. A gudun kilomita 60 kana cin kusan mita 17 duk daƙiƙa. Kafin ƙwaƙwalwa ta ce "akuya!" hannu ya motsa, mita 17 sun wuce. Idan ka ninka gudu, nisan da birki zai ci kafin ka tsaya ninki huɗu yake yi. Akuyar Hunkuyi kuwa ba ta ba da sigina.

6/
Madubi fa? Sabon Boxer na fitowa daga shago, abu na farko a kwance madubai, wai na tsofaffi ne. Sai a fasa salansa don unguwa ta san an iso. Kenan ka cire abin da ke nuna maka motar da ke bayanka, ka ƙara abin da zai hana ka jin hon ɗinta. Wannan wane irin gayu ne?

7/
Hular kwano. Da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta ta a Janairun 2009, wasu 'yan acaɓa ƙwarya suka kifa a kai, har labarin ya zaga duniya ana dariya. Yau ma hujjar ba ta canja ba: zafi, nauyi, "ai nan da kasuwa ne". Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna hular da aka ɗaura daidai tana rage raunin kai da kashi 69, mutuwa da kashi 42. Karayar ƙafa mai ɗori zai gwada. Kai idan ya fashe sai Shika, in an kai.

8/
Na san amsar da ke tafe: ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara. Amma mai faɗin haka da dare yana shigar da babur ɗin zaure, ya sa kwaɗo, ya ƙara da sarƙa. Babur ne ya cancanci tsaro, kanka ne aka bar wa ƙaddara?

9/
Laifin ba na yaran kaɗai ba ne. Mu manya ne ke miƙa wa ɗan shekara 12 makulli ya kai taki gona, ƙafarsa ba ta ko kai ƙasa, alhali lasisi sai 18. Mu ne ke tsayawa muna shewa ranar rakiyar amarya, ana ɗaga tayar gaba, ana sakin hannu, wani na ɗauka a waya don TikTok. In aka kwashe shi sai mu dawo muna Allah ya kyauta.

10/
In kai sabon hannu ne, ka ƙi yarda a gaggauta ka. Sati biyu a fili: tashi ba tare da babur ya mutu ba, tafiya a hankali kamar mai taku, juyawa, tsayawar gaggawa. Inda kake so ka bi nan za ka kalla, don ramin da ka zuba wa ido shi za ka faɗa. Ba goyo, ba buhu, ba silifas, ba tuƙin dare. Kuma kar ranar farkonka a kan titi ta zama Laraba, ranar kasuwar Makarfi, tsakanin motocin rake da amalanke.

11/
Masu cewa na cika tsoro, ina jiran ku a ƙasa. Amma kafin ka rubuta, fita ka duba ko birkin gaban babur ɗinka yana ma aiki. Da yawa igiyar ta tsinke tun bara.