Ƙuri'a Ba Gadon Kowa Ba Ce

Masu karatu, in zaɓe ya gabato mukan ji 'yan siyasa suna bugun ƙirji, wai mutanen Roni, Kazaure, Gwiwa da Babura nasu ne har abada. To, bari mu waiwaya baya kaɗan.

A 1979 muna cikin Jihar Kano. Alhaji Shehu Shagari na NPN ya ci shugabancin ƙasa, amma jiharmu ta bi Malam Aminu Kano da PRP, Abubakar Rimi ya zama gwamna. A 1991 aka yanke mana Jihar Jigawa. Ran 12 ga Yuni 1993 kuwa aka sha mamaki: Abiola, Bayarabe daga Abeokuta, ya kayar da Bashir Tofa, Bakano, a Kano da Jigawa duka, kafin soja su soke zaɓen. Kujerar gwamnanmu ma haka ta yi ta yawo: Saminu Turaki na APP a 1999, Sule Lamido na PDP a 2007, Badaru Abubakar, mutumin Babura, na APC a 2015.

Ashe talaka yana lura. Yana duban taki, da rijiya, da makarantar 'ya'yansa, ranar zaɓe kuma ya yanke hukunci.

Saboda haka kada mu ɓata da maƙwabci a kan jam'iyya. Jam'iyyu sun sake suna sau da yawa, amma shi ne dai zai taya mu gayya da damina. Kada kuma mu sayar da ƙuri'armu a kan sabulu ko mudun shinkafa, gama shekara huɗu ba kwana huɗu ba ne.