Fartanya Ba Bulala Ba Ce

Ina so in yi amfani da wannan fili in faɗi ra'ayina game da wani abu da yawancinmu muka raina, watau aikin lambu da zaman ƙauye. Ni kaina a da ina cikin masu raina shi. Saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a kaina ya faru.

Bara, da muka gama aji huɗu, na faɗi jarrabawar lissafi mummunar faɗuwa. Na san irin wahalar da mahaifina ya sha kafin ya haɗa kuɗin makarantata, don haka kunya ta hana ni haɗa ido da shi. Barci ya ƙaurace mini. In dare ya yi sai in rungumi waya ina latse-latse har asuba, da rana kuwa ƙannena ba su da sakat, abu kaɗan sai faɗa. Mahaifina bai zage ni ba, bai kuma doke ni ba. Ya dai ce in shirya kayana, wannan dogon hutu a wurin kakana zan yi shi, a wani ƙauye kusa da Kura. Ni a lokacin na ɗauka horo ne.

Kashegarin isata, tsohon ya kai ni bayan gida, ya nuna mini fangali uku, ya miƙo mini fartanya. Ya ce, "Abokina, ga naka. In ka ga dama ka shuka, in ka ga dama ka kwana a kai." Na ce, "Baba Tsoho, ni fa ɗan makaranta ne." Ya yi dariya ya ce, "To, ɗan makaranta ba ya cin miya?"

Ba don ina so ba na kaftu ƙasar, na zuba takin tumaki, na yafa alayyafo a fangali ɗaya, na shuka kuɓewa da yakuwa a sauran. Kwana biyu ban ga kome ba, sai na tona in duba ko irin ya mutu. Ashe yana kallona. Ya ce, "Wanda ke tona shuka kullum don ya ga ko ta tsiro, shi ne ke kashe ta." A kwana na huɗu alayyafo ya leƙo, kafin mako ya cika kuɓewa ta biyo baya. Ban san lokacin da na fara riga kowa tashi don in je in gan su ba. Bayan wata guda aka yi miya da alayyafon da na shuka da hannuna, kakata tana ta yi mini tsiya wai yau maigidanta ya yi cefane.

To, me ya kwantar mini da hankali a wannan aiki? Na yi tunani, na ga abubuwa uku ne. Na farko, jiki in ya gaji da aiki, barci ba ya neman izini. Na biyu, mai cire ciyawa dole hankalinsa ya tsaya wuri ɗaya, in ba haka ba ya tumɓuke shuka ya bar ciyawa. Zuciyar da ke kan abin da hannu ke yi ba ta da sararin saƙe-saƙe. Na uku, wanda ya fi duka, lambu yana koya wa mutum bambanci tsakanin abin da ke hannunsa da wanda ba ya hannunsa. Gyaran ƙasa da taki da noma naka ne, amma ruwan sama da rana ba naka ba ne.

Kakana ya ba ni misali da kansa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a ƙasar nan tasu ana noman rani da ruwan da ake korowa daga can, shi ma da tumatir ya riƙe gidansa. A 2016 wata tsutsa da manoma ke kira sharon ta auka wa gonakin tumatir a Kano da Kaduna, nasa ma ba ta bar kome ba. Na tambaye shi yadda ya yi. Ya ce, "Na yi baƙin ciki, na ci bashi, da lokaci ya zagayo na sake yafa iri. Gona ɗaya ta lalace, ai ba ƙasa ce ta ƙare ba." Nan na gane jarrabawa ɗaya na faɗi, ba rayuwata ba.

Zaman ƙauyen ma magani ne. Babu lantarki, don haka wayata ta mutu, ban kuwa mutu tare da ita ba. Da almuru a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, a ci tuwo a akushi ɗaya, a yi hira. Duk wanda ka gamu da shi a hanya zai tsaya ya gaishe ka, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya.

Na san wani zai ce ai na zo hutu ne na koma, shi ya sa nake yabon ƙauye. Yana da gaskiyarsa. Noma akwai wuya, tafin hannuna sai da ya yi kanta. Asibiti na da nisa, taki ya yi tsada, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 mai injin ban ruwa yana ji a jikinsa. A wasu sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato kuwa 'yan bindiga sun hana manoma da yawa zuwa gonakinsu, can babu zancen kwanciyar hankali sai an sami tsaro. Haka kuma wanda damuwa ta yi wa tsanani, lambu ba ya maye gurbin likita. Ban ce kowa ya bar karatu ya koma ƙauye ba. Cewa na yi abin da na samu a can, ana iya samun rabonsa a bayan ɗakin kwananmu.

A nan ne nake da roƙo ga malamanmu. A makarantu da yawa, in yaro ya makara ko ya yi laifi, sai a ba shi fartanya ko adda a ce ya je ya yi noma. Yaron da aka saba yi wa horo da fartanya, yaya za a yi ya so ta in ya girma? A 1976, da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, an ƙarfafa wa makarantu da gidaje su yi gonaki da lambuna. Me zai hana mu ma a ba kowane aji fangalinsa, abin da aka girbe a kai ɗakin girki, ko a sayar a sai wa ajin alli da littattafai? Laifi kuwa a nemar masa wani horon.

Iyayenmu kuma, don Allah a daina tsorata yaro da cewa in bai yi karatu ba manomi zai zama, kamar noma zagi ne. Ko gidan haya kuke, tsohon bokiti ko buhun da aka cika da ƙasa da taki ya isa a dasa tattasai ko zogale.

Bana na ci lissafi, ba da maki mai yawa ba, amma na ci, kuma ina barcina lafiya. A bayan ɗakinmu ina da yakuwa a buhu huɗu. Duk wanda ke son iri ya same ni bayan an tashi daga aji, kyauta ne. Allah ya sa mu dace, amin.