A Tambayi Babba, A Tambayi Yaro

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka shugaban da ke son sanin ko ma'aikatansa suna jin daɗin aiki, tilas ne ya tambaye su. Amma a nawa ra'ayi, tambayar ba za ta yi amfani ba sai an lura da shekarun waɗanda ake tambaya.

Neman ra'ayin ma'aikata ba sabon abu ba ne. Tsakanin 1928 da 1930 kamfanin Western Electric ya yi hira da ma'aikata fiye da 20,000 a masana'antarsa ta Hawthorne, kusa da Shikago a Amurka. A 1932 kuma wani masani, Rensis Likert, ya fito da ma'auni mai matakai 5, daga "ban yarda ba sam" zuwa "na yarda ƙwarai", wanda har yanzu ake amfani da shi.

To, bari mu yi ɗan lissafi da wannan ma'auni. A ce an tambayi dattawa 10 da samari 10 ko sun gamsu da aikinsu. Dattawa duk suka zaɓi 5, samari duk suka zaɓi 1. In aka haɗa aka raba, sai a sami 3, wato ba yabo ba fallasa. Alhali kuwa babu ko mutum guda da ya faɗi haka! Shugaba zai yi barcinsa, rabin ma'aikatansa kuwa suna neman hanyar gudu.

Dalilin bambancin a fili yake. A Nijeriya yawancin ma'aikatan gwamnati suna ritaya ne in sun kai shekara 60 da haihuwa, ko 35 suna aiki. Wanda ya kusa wannan lokaci, hankalinsa yana kan fansho da garatuti. Wanda ya fara jiya kuwa, ƙarin girma da zuwa kwas da kuɗin haya ne ke gabansa.

Ga kuma kunya irin tamu. Yaro mai tarbiyya ba ya musu da sa'an ubansa a gaban jama'a. In aka tara kowa a zaure ɗaya, dattijo zai yi magana, yaro ya sunkuyar da kai, a ɗauka ya yarda ne.

Shawarata ita ce, a ba kowa takarda mai tambayoyi iri ɗaya, ya amsa shi kaɗai ba tare da rubuta suna ba. A yi ta cikin harshen da kowa ke ji, a bar fili a ƙasa don mai ƙarin bayani. Sa'an nan a ƙirga amsoshi rukuni rukuni, misali 'yan ƙasa da 30, da 30 zuwa 45, da na sama da haka. Kada rukuni ya yi ƙanƙanta, domin in tsoho ɗaya ne tak a ofis, shekarunsa sun tona asirinsa.

Wani zai ce wannan raba kan ma'aikata ne. Ni ban ga haka ba, gama rashin sauraro shi ke raba kai. Gaskiya ne abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Amma ai yaron ma ya san inda takalminsa ke matse shi.

Daga ƙarshe ina roƙon iyayenmu masu riƙe da ma'aikatu, in kun tambaya, ku sanar da sakamako, ku kuma gyara abin da zai gyaru. Gobe mu ne za mu tsaya a gabanku muna neman a saurare mu.