Wa zai bi wa?

Masu kukan cewa biyolon na ɓata gamelan, kiɗan tagullar Indonesiya, sun manta da rebab ne? Gogen nan mai tsarkiya biyu da ke jan waƙa a Jawa, ai sunansa ma na Larabci ne.

Gardamar gaskiya ita ce wa zai bi wa. Gamelan na da slendro mai murya 5 da pelog mai 7, kuma tagulla ba ta murɗuwa kamar tsarkiya. Lou Harrison, Ba'amurke, ya gane haka: a kiɗan da ya kammala a 1982, biyolon da selo ne suka nemi muryar tagulla da yatsa. To amma a kankare tagulla don ta dace da muryoyi 12 na Turai? Haba! Wannan kam ban yarda ba.