ƊAN BAƘO A LUKSAMBUR, ƊAN BAƘO A GAMBORU

Ya ku 'yan'uwa magidanta da iyaye mata, bari in fara da labarin wata makaranta mai nisa da mu, domin ta nan ne za mu fi ganin abin da ake yi wa 'ya'yanmu a ƙofar gida.

A shekarar 1953, ma'aikatan wata hukuma ta ƙasashen Turai shida mai kula da harkar kwal da ƙarfe sun taru a birnin Luksambur don aiki. Akwai Bafaranshe, akwai Bajamushe, akwai ɗan Italiya, kowa da iyalinsa, kowa da harshensa. Sai suka ce ba zai yiwu aikin uba ya zama sanadin lalacewar karatun ɗa ba, suka buɗe makaranta guda wadda kowane yaro zai fara karatu da harshen gidansu, a haɗa masa da harshe na biyu tun daga ajin farko na firamare, in ya kai sakandare a riƙa koya masa tarihi da labarin ƙasa cikin wannan harshe na biyun. Daga baya gwamnatocinsu suka rungumi tsarin, makarantun suka yaɗu zuwa Beljiyam da Jamus da Italiya da sauransu, kuma 'ya'yan ma'aikatan Tarayyar Turai ba sa biyan kuɗin makaranta. Tun kafin wannan, a 1924, an buɗe irinta a Jeniba saboda 'ya'yan ma'aikatan ƙungiyoyin duniya. A nan Nijeriya ma, 'yan mishan sun buɗe makarantar Hillcrest a Jos cikin 1942 saboda 'ya'yansu.

Ba ginin waɗannan makarantu ne ya dame ni ba, kuma ban ce a gina mana irinsu ba, domin masu kama da su a ƙasar nan kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka. Abin lura shi ne hujjar da aka kafa su a kanta: inda uba yake zaune yana aiki, nan ne haƙƙin karatun ɗansa yake. Babu wanda ya ce wa yaron ya koma ƙauyen kakansa ya kawo takarda.

To mu dawo Gamboru. Akwai yaron maƙwabcina, a nan aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa, kakansa ne ya zo daga ƙasar Katsina da fatauci. Yaron ya gama sakandare da sakamako mai kyau, ya je neman tallafin karatu, aka ce sai ya kawo takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Ya je wani ofishi a nan, aka ce masa shi baƙo ne. Uban ya ci bashin kuɗin mota ya tura shi garin kakansa, can ma aka ce ba a san shi ba, sai ya kawo wanda zai tsaya masa. Ya dawo hannu biyu. Yanzu yana tura baro a kasuwa. Ku faɗa mini, wannan yaro ɗan ina ne?

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 bai bar mu cikin duhu ba. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama duk inda ya so. Sashe na 42 ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda ƙabilarsa ko wurin da asalinsa ya fito. Sashe na 15 ya ɗora wa hukuma nauyin tabbatar wa kowa cikakken haƙƙin mazauni a ko'ina cikin tarayya. Amma wannan kundin dai shi ne ya ambaci kalmar ɗan asali a sashe na 147 wajen naɗa ministoci, ba tare da ya fayyace shekara nawa mutum zai zauna kafin ya daina zama baƙo ba. Ta wannan ƙofa ce jihohi suka shiga. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2006 da ya nuna yadda ake amfani da wannan takarda a jihohi daban-daban wajen hana mutane aikin gwamnati da tallafin karatu, da tsawwala musu kuɗin makaranta. Shekaru sun shuɗe, takardar tana nan daram.

Kada wani ya ɗauka muna faɗa da Barebari ne. Wallahi a'a. Cutar ta ƙasa ce baki ɗaya, kuma Babarbaren da ya koma Kano ko Kaduna da neman abinci yana iya cin karo da irinta. Zumuncinmu ya girmi wannan takarda nesa ba kusa ba. A Kano akwai Zangon Barebari, a Yerwa akwai Hausari, kuma kakanninmu da yawa neman Alƙur'ani ne ya kawo su gabas. Mun ci tare, mun yi auratayya, tun daga 2009 mun binne 'yan'uwanmu a maƙabarta ɗaya. Da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwan bai tambayi kowa takardar asali ba kafin ya shiga ɗakinsa.

Na san abin da wasu za su ce: Borno ta sha wahala, an ƙone makarantu, an kashe malamai, ɗan abin da ke hannun jiha ai 'ya'yanta ne suka fi cancanta da shi. Gaskiya ne jihar ta sha wahala. Amma su wa suka sha ta? Makarantar da aka rufe, da ɗan Bahaushe da ɗan Babarbare da ɗan Shuwa aka rufe ta. Harajin kasuwar Gamboru ba a ware rasit na baƙo. Wanda aka karɓi kuɗinsa ranar biya, bai kamata a ce ba a san shi ba ranar rabo. Kuma yaron da aka hana karatu ba zai koma Katsina ba, a nan zai zauna, a kan titinmu, kuma duk mun ga abin da zaman banzan matasa ya jawo wa garin nan.

Sai maganar harshe. Abin da Turawa suke kashe maƙudan kuɗi su samar wa 'ya'yansu, Allah ya ba namu kyauta. Yaron Gamboru yana ciniki da Hausa, ya gaisa da yaren Kanuri, ya yi wasa da Larabcin Shuwa, wani ma ya tsinci Faransanci a bakin 'ya'yan 'yan Chadi da Kamaru da Nijar da ke aiki a kasuwa. Gwamnatin Tarayya da kanta ta san darajar wannan, tun da a 1992 ta kafa cibiyar koyon Larabci a Ngala don ɗaliban jami'a. Amma a 2022 aka ce a koyar da 'yan firamare da harshen gida, a watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin, aka koma Turanci zalla. Yaro mai harshe uku a baki ya shiga aji a mayar da shi bebe.

Mu ma muna da namu laifin. Akwai magidancin da ya shekara arba'in a Yerwa bai iya gaisuwa da yaren Kanuri ba, yana taƙama da cewa ai kowa na jin Hausa. Wannan ba daidai ba ne. In muna son a ɗauke mu 'yan gida, to mu girmama harshen gidan, mu ƙarfafa wa 'ya'yanmu su iya shi.

Saboda haka ga abin da muke kira gare shi. Na farko, 'yan majalisarmu na jiha da na tarayya su tsaya a kan cewa takardar haihuwa da shaidar zama su isa wajen neman gurbin karatu da tallafi. Na biyu, a tuna dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatu kyauta na shekara tara, saboda haka kada a kori yaro daga firamare ko ƙaramar sakandare don asalinsa, ko da iyayensa daga Chadi suka zo. Na uku, kowane magidanci ya je Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ya karɓar wa 'ya'yansa takardar haihuwa, mata da maza, wanda ruwa ya cinye tasa ya nemi wata. Na huɗu, mu riƙa zuwa taron iyaye da malamai, domin kujerar da ka bari wani ne zai yanke hukunci a kanta. Na biyar, duk wanda aka mayar da ɗansa saboda takardar asali ya rubuta rana da wurin ya kawo wa ƙungiya, mu tattara mu kai gaba cikin lumana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya zaunar da Borno da Nijeriya lafiya, amin.