Ragowar magunguna a ruwan sha: me sabuwar dabarar tacewa za ta tsinana wa Funtua da Malumfashi?

Maganin da mutum ko dabba ta sha ba ya narkewa duka a jiki. Wani kaso yana fita ta fitsari da kashi. A yankin Funtua da Malumfashi, inda kashin kaji da na shanu ke komawa gonakin masara a matsayin taki, ruwan damina na iya kwasar wannan ragowa zuwa madatsun ruwa irin na Mairuwa da Gwaigwaye da na Malumfashi. Alif da yashi da kulorin, waɗanda matatun ruwa suka dogara da su, an tanade su ne domin laka da ƙwayoyin cuta, kuma magunguna da dama na tsallake su.

Binciken da Jami'ar York ta Ingila ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2022, ya auna koguna 258 a ƙasashe 104, ya kuma sanya Afirka kudu da Sahara cikin yankunan da gurɓatar ta fi tsanani. Babban abin tsoro shi ne ƙwayoyin cuta su saba da magani har ya daina cin su, matsalar da mujallar Lancet ta ƙiyasta ta kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce kan gaba idan aka auna da yawan jama'a.

Dabarar da masana ke gwadawa ita ce harba wa ruwa sautin da ya fi ƙarfin jin kunne. Sautin na haifar da ƙananan kumfa da ke fashewa da zafi mai tsanani, fashewar kuma ta samar da sinadaran da ke wargaza maganin. Idan aka zuba garin gawayi na musamman, wanda ƙwayoyinsa suka fi gashi siranta sau dubbai, sai ya damƙe maganin, ya kuma yawaita kumfar.

Sai dai galibin nasarorin a ɗakin gwaji aka samu, kuma na'urar na cin lantarki sosai. Matatar da ke jiran wutar KEDCO ko dizal kafin ta tura ruwa cikin gari ba ta kai nan ba tukuna, balle a yi maganar tsame garin daga ruwan bayan ya gama aiki.

Abin da ya fi kusa da hannu shi ne gawayin totuwar masara da karan auduga da ɓuntun shinkafa, wanda shi ma yana kama magunguna idan an sarrafa shi. Kafin nan, Hukumar Ruwa ta Jihar Katsina na buƙatar auna ruwan madatsun nan, damina da rani, ta bayyana wa jama'a sakamakon.